Turancin Ɗaure Maraƙi

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramin hukunci ba ne. Mu Fulani ne da suka daɗe da zama wuri ɗaya, a wata ruga kusa da Tsaskiya da ta girma har ta zama ƙauye. Muna noma muna kiwo, Hausa a kasuwa, Fulatanci a gida. Al'adarmu ita ce uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya hira da shi, ba ya dubansa ido cikin ido. Wasu gidajen sukan sassauta in yaro ya yi hankali. Baffa, wato mahaifina, bai san wani abu wai shi sassauci ba.

In na durƙusa daga nesa na gaishe shi yakan amsa, amma fuskarsa tana wajen shanu, kamar su ne suka gaishe shi. In yana son in yi wani aiki sai ya faɗa wa Goggo, yayarsa, wadda ta goya ni ta raine ni: "Ki ce ma yaron ga shi kai maruƙa rahi." Sau da yawa ni na fi ta kusa da shi. Ƙannena kuwa suna hawa bayansa, suna jan gemunsa, yana kiransu da sunayen wasa iri-iri. Ni ina tsaye ina kallo daga gindin rumbu.

Goggo takan ce, "Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Da ka san yadda shike tambayarka in ba ka nan, da ka yi shiru." Kaina ya yarda da ita, zuciyata ta ƙi. Da aka zo neman yaran da za a sa boko, aka ce gidanmu ma sai an ba da ɗaya, ni Baffa ya nuna da haɓa. Na tafi da wannan a raina, na yi shekaru da shi a makarantar kwana ta birni, na kuma dawo da shi. Abu ɗaya nake so a duniya, ba kuma wani babban abu ba ne: Baffa ya juyo ya dube ni ya faɗa mini magana, ko da faɗa ne.

A shekarun ƙarshe na mulkin Turawa na gama makarantar horon malamai, aka turo ni Safana ina koyar da manyan aji. Ina da gemu ɗan tsirit, ina da keke, yara suna miƙewa in na shiga aji, amma a gida har yanzu ni ne "yaron ga".

Yadda aka koya mana koyar da Turanci shi ne, ba a fassara. Malami ya faɗi magana ya aikata ta, yara su gani su kwaikwaya. Daga nan malami ya umurce su su yi. In sun ƙware sai a juya, su kuma su umurci malami. Abin da ya fi ba su wuya, ni ma ya ba ni a lokacina, shi ne wasu 'yan ƙananan kalmomi da ke bin bayan kalmar aiki: up, down, in, out, off, away. Ba su da tsawo, amma su ke juya magana. Ka ce put kaɗai ba ka ce kome ba. Put down ajiyewa ne, put on sawa a jiki, put out fitarwa, put away adanawa. Turancin littafi yana da manyan kalmomi masu ban tsoro, amma wanda Bature ke yi da bakinsa in yana cikin aiki, kusan duk da waɗannan 'yan ƙananan yake yinsa.

Baffa a lokacin yana aiki da masu allurar shanu. Cutar bushiya ta taɓa shafe garkensa saura kaɗan, shi ya sa da aka zo da allura yana cikin waɗanda suka fara yarda. Kowane rani ana kafa sansani wajen Runka, a bakin daji, makiyaya su koro shanunsu. Shi ne babban masu kamu: shi ke jefa igiya, ya kayar da bijimi, ya danne har a yi allura a tsaga kunne. Shi ne kuma ke lallashin makiyaya da Fulatanci in sun tsorata cewa dabara ce ta ƙirga shanu don jangali. Da wannan aiki aka san shi, da shi ake ba shi tabarma in ya je wurin taro.

Baturen da suka daɗe tare yana jin Hausa kamar jakin Kano. Da ya tafi, a ƙarshen wani rani, aka kawo wani saurayi mai jan wuya, ba Hausa, ba haƙuri. Akwai tafinta, amma aikin kamun sa ba ya jiran tafinta. Kafin a juya magana sa ya miƙe ya watsa mutane. Da za a tashi sansani sai Baturen ya sa aka sanar: wanda bai iya jin maganar aiki da Turanci ba kafin baɗi, ya zauna gida, za a kawo tsofaffin sojoji da suka saba jin oda.

Goggo ce ta tare ni da maganar ranar da na zo hutun mako, tun ban jingine keke ba.

"Shi ya ce, in da hali, a koya mashi abin nan naku."

"Wa ya ce?"

"Kai dai ka san wa. Kada ka sa ni dogon bayani."

Na ce da hali. Amma na hango abin da ita ba ta hango ba: karatun nan duk umurni ne. Ta yaya zan tsaya gaban Baffa in ce masa tashi, zauna, ajiye?

Mun fara bayan la'asar, a bayan gida, inda dangwali yake, wato doguwar igiyar da ake jera maruƙa a ɗaure. Baffa ya zauna kan turmi ya ba ni gefe. Goggo ta tsaya tsakaninmu, don a ganinsu yadda kowace magana ke bi ta bakinta, wannan ma haka za ta bi. Na ɗauki igiya na ce, "Pick the rope up." Goggo ta juya wajensa da gaske, ta ce wani abu kamar "Bikiro-fa." Ta saurari kanta, sai ta tuntsure da dariya har ta dafa shinge. Baffa ya sha mur. Ya ce mata, "Ki ce mashi ban ji ba." Na maimaita, ta sake ɓatawa ta wata hanya. Haka muka yini, abin da ya fito daga bakina daban, wanda ya isa kunnensa daban. Na koma Safana raina a dagule.

Mako na gaba na zo da wata dabara. Na kwance wani maraƙi baƙi mai farin goshi, na mai da shi ɗalibina. Shi nake wa magana, shi nake kallo. In ce masa "Tie the calf up," in ɗaure shi. In ce "Let the calf out," in buɗe shinge in sake shi. "Hold the head down," in danne kansa ƙasa. Baffa yana gefe yana kallon hannuwana. Can sai ya miƙe, ya ɗauki igiyar daga ƙasa inda na ajiye. Na ci gaba da yi wa maraƙi magana, shi kuma yana aikatawa. Ba wanda ya umurci kowa. Maraƙin dai ya sha wahala a wannan damina, an ɗaure shi an kwance shi fiye da kowane maraƙi a ƙasar Katsina, har ya kai in ya hango kekena sai ya nufi bayan rumbu.

Amma ji kaɗai ba ya isa. Wanda bai faɗi magana da bakinsa ba, ba ta zama a kansa. Kuma Baffa shi ne babba, shi zai riƙa miƙa oda ga na ƙasa da shi, ya kuma amsa wa Bature. Na bayyana wa Goggo cewa an zo gaɓar da dole ɗalibi ya umurci malami. Ta isar. Baffa ya murza igiya a tafinsa. Sannan ya ce mata, "A bari haka nan. Wanga ya isa."

A nan Goggo ta nuna ita ce babba. Ta tsaya gabansa ta riƙe ƙugu.

"Kai, saurara. Kunya a bakinmu take, a Hillanci da Hausa. Da su aka haihe mu, da su muka san babba da yaro. Wanga yare na Nasara wa ya taɓa jin kunya cikinshi? Ai ba magana ba ce, kayan aiki ne, kamar igiyar ga da ke hannunka. Kana jin kunyar miƙa mashi igiya? To, miƙa mashi wanga ma."

Ban san ko ta yarda da abin da take faɗa ba, ko kuwa a nan take ta ƙirƙiro shi. Malamanmu na gari da sun ji da sun yi gardama. Baffa dai ya dubi ƙasa, ya yi gyaran murya, ya jefa igiyar tsakaninmu, ya ce:

"Fik di rof af."

Ya faɗa daidai, in ban da harshe da ya karkata. Ni ne na kasa. Na tsaya kamar an dasa ni. Na wuce shekara ashirin a duniya, wannan ce magana ta farko da ta fito daga bakin mahaifina ta zo wurina kai tsaye, ba ta ratsa ta kowa ba. Cewa ya yi in ɗauki igiya. Na sunkuya na ɗauka, na daɗe a sunkuye fiye da yadda ɗaukar igiya ke bukata, don idanuna sun cika. Goggo ta ce wai tana jin ƙaurin tuwo, ta bar wurin.

Daga ranar al'amura suka sake. Mai koyon yare dole ya dubi bakin malami, ya ga inda harshe ke zuwa. Baffa ya fara duban bakina, daga baki kuma ido ba nisa. A nan na gano yana da wani ɗan farin ɗigo a idonsa na hagu, inda ƙaho ya taɓa shafarsa. Kowa a gidan ya san da shi tuntuni, ni kaɗai ne ban taɓa samun kusancin da zan gani ba.

Ɗalibi ne mai taurin kai amma mai kaifi. Akwai wata ƙa'ida da ke rikita yarana a Safana. In ka ambaci sunan abu, kana iya sa shi a tsakiya ko a ƙarshe: tie the calf up, ko tie up the calf, duk ɗaya. Amma in ba ka ambaci suna ba, ka ce it kawai, to dole ta shiga tsakiya: tie it up. Na nuna masa da misali iri-iri, ya yi ta jujjuyawa. Can ya ce wa Goggo, wadda ke tsinkar zogale a gefe, "Ashe kamar kora ce. Babba shi bi inda ya so, ƙarami a tsakiya aka sa shi." Daga ranar bai ƙara kuskure a wannan ba. Ni ma da haka na riƙa koya wa yarana har na bar aikin koyarwa.

A hankali Turancin ya fara fita daga dangwali. Wata rana muna cikin karatu hadari ya taso daga gabas, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Baffa ya ruga ɗakinsa, ni na tsaya ina neman inda zan fake, don ɗakinsa ba wurin shigata ba ne, ban taɓa taka shi ba. Sai na ji murya daga ciki: "Kam in." Na duba baya ko da wani yake. Ya sake cewa, da ƙarfi, "Kam in!" Na shiga na tsuguna bakin ƙofa. Akwai buzu, da sanda, da allon karatunsa a rataye, da warin man shanu da hayaƙi. Ya turo mini ƙwaryar fura da ludayi a ciki ya ce, "Dirink it af." Na shanye tas, ko da yake ban daɗe da cin abinci ba. Muka zauna muna sauraren ruwa. Duk abin da muka sani na Turanci a tsakaninmu na ɗaurewa ne da kwancewa, ba wanda ya dace da zaman, don haka muka yi shiru. Amma shiru ne na mutum biyu a ɗaki ɗaya, ba irin wanda na saba ba.

Har wasa ya koya. Yakan ce mini "Sit dawun," in zauna, "Sitan af," in miƙe, ya yi ta maimaitawa da sauri yana ɓoye murmushi a gemu, har Goggo ta ce, "Kai, za ka kashe ma gwamnati malami." Ni kuwa da zai yini yana yi, da na yini ina tashi ina zama.

Ban taɓa mancewa da cewa abin aro ne ba. In muka ajiye igiya, ya koma Baffan da na sani. In zan tafi, in durƙusa daga nesa in yi sallama, ya amsa wa shanu. Kuma na san karatun yana da iyaka. In Bature ya gwada shi ya ci, an gama. In ya faɗi aka sallame shi, nan ma an gama. Ta kowace hanya ranar gwaji ita ce ranar da za a rufe mini ƙofa. Ina roƙa masa nasara a sallata, ina kuma tsoron ranar kamar ranar hisabi.

Aka yanke gero, aka yanke dawa, rani ya kama, aka kafa sansani. Baffa ya tafi Runka, yana dawowa gida a ranar da ni ma nake zuwa. Zuwansa na farko na kasa tambaya. Goggo ce ta kawo saƙo: "Ya ce Bature ya ce ba laihi, amma da sauran gyara. A ci gaba." Na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Na koma Safana na duƙufa, ina tsara sababbin darussa: turn it over, bring them in, drive them off, wash the needle out. Kowane mako in tako keke cikin yashi, wani wuri in sauka in tura, kowane mako saƙon ɗaya ne, da sauran gyara. Har na fara jin haushin Baturen nan da ba a iya gamsar da shi, na kuma riƙa gode masa a ɓoye.

Wani hutun mako, wajen ƙarshen rani, na je kasuwar Batsari sayo kanwa da gishirin shanu. A layin mahauta wani mai tsire ya ƙwala mini kira. Na san shi, yana bin sansanin allura yana sayen dabbar da ta karye wurin kamu. Mutum ne mai fara'a, bakinsa ba ya hutawa. Muka gaisa, ya tambayi gida, da Goggo, da shanu, da 'yan makaranta, da gajiyar hanya, ya yanko mini tsire ya ƙi karɓar kome. Na ce masa yaya suke fama da Baturensu mai wuyar sha'ani.

Ya ce, "Wane Bature?"

Na ce mai jan wuyan nan da ya ce sai an iya Turanci.

Ya ajiye wuƙa ya dube ni. "Malam, kai kana wace duniya? Ai wanga tun da ya tahi hutu ƙasarsu da hwarkon damina bai komo ba. Wani malamin dabbobi aka turo muna daga birni, ɗan ƙasa, Hausa ras, har Hillanci shina taɓawa. Tun gero bai nuna ba labari ya iso. Baffanka ma na cikin waɗanda suka tarbe shi. Bana ko kalma guda ta Turanci ba a yi ba a sansani."

Ni mutum ne mai saurin fushi, kuma fushi ne ya fara zuwa. Wata nawa ina tura keke cikin yashi, ina hana kaina hutu ina tsara darasi, ina zullumin kada a kori tsoho, ashe ba Bature, ba gwaji, ba kome. An mai da ni abin wasa. Cikin zafin ne na faɗa wa mai tsiren cewa har makon jiya muna karatu. Ya bushe da dariya, ya ce, "Kai, Hillani! Wa ka iya maku?"

Dariyarsa ce ta farkar da ni. Tsiren yana hannuna na tsaya na sake tunani. Baffa ba mai wasa da lokacin mutum ba ne, ba kuma mai ƙarya ba ne, ban taɓa jin an kama shi da ita ba. Mutumin nan ya zauna ya ƙirƙiro Bature, ya riƙa sa masa magana a baki kowane mako, don kawai ya samu dalilin zama da ni a bayan gida yana ce mini in ɗaure maraƙi. Duk shekarun da na yi ina zaton ni kaɗai ke tsaye a bayan shingen nan ina leƙe, ashe shi ma yana tsaye ta ɗaya gefen.

Na roƙi mai tsiren don Allah ya bar maganar a nan. Ya ce haba, ai shi kabari ne. Na san irin kabarinsa, amma ba yadda zan yi.

Da na isa gida na ja Goggo gefe na faɗa mata. Ko gezau ba ta yi ba.

"Kai ɗai ne ba ka sani ba a gidan ga," in ji ta. "To ka ji, ka riƙe bakinka, ka riƙe huskarka. Abin da ya sa shike iyawa, shina ganin kai aiki ka ɗauke shi. Ranar da ya san ka sani, an gama."

Na riƙe. Yammacin nan muka yi karatu, ni na sani, shi bai san na sani ba. Ban taɓa koyarwa da daɗi irin na ranar ba. Na daina gaggawa, na daina gyara masa harshe. Maraƙin ya zama ɗan bijimi, ba ya kamuwa da sauƙi, ya fizge ya ja ni ƙasa, Baffa ya yi dariya da ƙarfi, yana ihu "Get af! Get af!" yana miƙo mini hannu. Na kama hannun. Tafinsa kamar busasshiyar fata, igiya ta cinye shi. Muka yi ta yi har aka kira magariba. A raina na ce in dai haka ne, ni da shi za mu tsufa muna jiran Baturen nan, zan ƙirƙiro darussa har ƙarshen rayuwa.

Mako na gaba da na iso, Goggo tana zaune a ƙofar gida, ba ta aikin kome, abin da ba halinta ba. Ta bari na gaishe ta har ƙarshe. Sannan ta ce mai tsiren ya je sansani. Ba da mugunta ya yi ba. A gaban masu kamu, da makiyaya, da malamin dabbobi, ya ce, "Ina ɗalibi? Ashe har yanzu kana ɗaukar karatu wurin ɗan hwarinka, ga shi Bature ya daɗe da tahiya! Ai na hwaɗa mashi a Batsari." Aka yi ta dariya. Baffa ya gama aikin ranar, ya dawo gida, tun lokacin bai cika fita ba.

"Ya ce a gode ma malam," in ji Goggo. "Karatu ya isa."

Na ce ban yarda ba. Ta kama rigata, na fizge. Na shiga bayan gida na ɗauko igiya na zo na tsaya ƙofar ɗakinsa. Asabari a sake yake, ina jin motsinsa a ciki. Na durƙusa na gaishe shi da Fulatanci, ya amsa can ƙasa-ƙasa. Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba, ko a karatu: na yi masa magana kai tsaye, ba ta bakin Goggo ba, ba ta kan maraƙi ba. Na ce, "Come out." Na jira. Na sake cewa, "Baffa, please, come out."

Na san ya ji, na kuma san ya gane, ni na koya masa. Kaji suna tono a tsakar gida, wata ƙanwata ta leƙo ta koma. Na daɗe a durƙushe har gwiwoyina suka yi tsami. Na ji haushinsa, na ji haushin mai tsire, na ji haushin al'adar da ta sa mutum biyu masu son juna sai sun ari yaren wasu kafin su gaisa. Na kuma ji tausayinsa, don na san abin da ke danne shi a ɗakin nan ya fi ƙarfinsa, shi da ke kayar da bijimi.

Can ya yi gyaran murya. Na ɗago kai. Sai ya kira Goggo.

Ta zo ta tsaya kusa da ni, ta ce, "Ga ni."

Ya ce, "Ki ce ma yaron ga rana ta yi sanyi, hanya da nisa, shi kama hanya kada duhu shi same shi." Sannan ya ƙara da cewa, "Ki ce mashi kuma shi duba tayar kekenshi ta baya. Na ga iskarta ta ragu tun wancan mako."

Goggo ta juyo ta maimaita mini, kalma bayan kalma, kamar ban ji ba. Na ce mata ta ce masa na gode.

Baffa ya yi shekaru masu yawa bayan wannan. Ya ga tafiyar Turawa, ya ga 'ya'yana, ya yi wasa da su yana jan kunnuwansu. Ni bai ƙara yi mini magana kai tsaye ba, da kowane yare, har ya koma ga Allah.

A ranar dai na mayar da igiya inda na ɗauko ta, na fita ƙofar gida, na matsa tayar baya da yatsa. Ta yi laushi kuwa. Na ciro famfo na durƙusa ina ba ta iska, hawaye yana ɗiga kan hannuna, na yi ta bugawa a hankali ko zai fito. Tayar ta cika, bai fito ba.